Garmahon Surukina da Sandarsa

Na haura shekara ashirin ina auren 'yarsa, amma da za a tara maganar da surukina ya taɓa yi mini kai tsaye, ba za ta cika shafi guda ba, kuma rabinta amsa gaisuwa ce. Ba ƙiyayya ba ce. Bafulatanin Garki ne, tsohon malamin dabbobi, wanda ya bar kiwo ya yi aikin gwamnati, ya yi ritaya ya zauna a unguwar Yalwawa a nan Dutse, amma kunya bai bar ko ƙwayarta a ruga ba, duk ya taho da ita. Ban taɓa ganin yana cin abinci ba, shi ma bai taɓa ganin loma a bakina ba. In na je gaishe shi, tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa can nesa, in yi magana da muryar da ni kaina da ƙyar nake jin ta. Abin da yake so in sani kuwa, sai ya gaya wa matata, autarsa, ita kaɗai ce ke iya yi masa wasa. Ina zaune a wurin zai ce, “Ki ce wa Malam kaza.” Ita kuma ta juyo ta maimaita mini, sai ka ce daga Larabci ta fassaro.

Ta wannan hanyar garmaho ya shigo gidana a unguwar Takur. Wata Asabar matata ta dawo daga Yalwawa a adaidaita sahu, da wani akwati nannaɗe cikin tsohon bargo.

“Baba ya ce a kawo maka ka gyara.”

“Ni?”

“Akwai wani Malam a gidan nan bayan kai?”

A makarantar sakandaren kimiyya nake koyarwa, gaskiya ne, amma Hausa nake koyarwa. Aikina nahawu da karin magana. Sai dai a wurin surukina, duk wanda ke shiga ƙofar makarantar kimiyya kowace safiya ya san wuta, har maigadi.

Na ce, “Ki koma ki gaya masa ni ban san komai a kan wuta ba.”

“Kai ka gaya masa.”

“Kin san ba zan iya ba.”

“To ni ce zan iya? Tsoho ya ce Malam ya sani, in je in ce masa a'a, Baba, ka yi kuskure, mijina kwalin kawai ke gare shi?”

Ta kwance bargon. Garmaho ne mai amfani da lantarki, ba irin wanda ake murɗawa da hannu ba. Akwatin katako mai ruwan zuma, da faranti, da hannu mai allura, da lasifika a jikinsa. A cikin murfin akwai faifai guda ɗaya tak, an naɗe shi da farin ƙyalle. Sai a nan ta daina wasa. Ta ce busar sarewar yayan Baba ce a ciki. Tun suna samari wasu mutanen kamfani suka ɗauke ta a Kano. Yayan ya daɗe da rasuwa, bai bar hoto ba, bai bar ɗa ba, sai wannan. Garmahon ya yi shekaru bai motsa ba, Baba bai damu ba, don yana ganin akwai lokaci. Yanzu likita ya ce jinsa tafiya yake yi, kuma ba mai dawowa ba ne. Kunnen hagu ya riga ya rufe, na dama na bin sahu.

“So yake ya ƙara jin sa kafin nan,” in ji ta. “Bai faɗa ba, amma ai na sani.”

Ni kuwa tsoron wuta nake yi, irin tsoron da ba a warkewa. Muna kwalejin horon malamai, wani ɗan ɗakinmu ya kama hitar dafa ruwa da jiƙaƙƙen hannu. Ban manta yadda ya sandare ba, haƙora a datse, idanu waje, yana rawa ba kiɗa, mu kuma mun yi cirko-cirko. Malamin kimiyyarmu ne ya shigo da gudu, ya fizgi sandar share yanar gizo ya maka masa a hannu har ya saki. Ya rayu, yana nan ma da jikoki. Amma tun daga ranar ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidana, sai na kashe wutar gidan gaba ɗaya kafin in hau kujera. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Don haka na fara da abin da kowane matsoraci mai hankali zai yi, na nemi wanda zan ɗora wa. Na zaga masu gyara a kasuwa. Duk sun koma gyaran waya. Ɗaya ya leƙa bayan akwatin ya ce, “Baba, wannan ta ina ake sa masa caji?” Wani ya ce in bar masa shi, zai kwashe kayan cikin ya sa masa bulutut, ya dawo kamar sabo. Na rungume kayana na fito kamar mai ƙwato yaro daga hannun wanzamin da bai yarda da shi ba. Tsohon mai gyaran rediyo da aka kwatanta mini a bakin tasha, na tarar Allah ya yi masa rasuwa, shagonsa an koma sayar da katin waya. Malamin fiziks na makarantarmu ya saurare ni da kyau, ya cika allo da zane, ya nuna mini yadda wuta ke shigowa ta waya, ta bi ta makunni, ta rabu biyu ta shiga injin da ke juya faranti. Da na ce to ya zo gida ya taɓa, sai ya goge hannunsa ya ce shi a allo ya ƙware, kuma kayan suruki ba abin da bare zai sa hannu ba ne.

Haka na ajiye garmahon a ɗakin baƙi, na sa silifas na roba, na ɗauki sukundireba. Littafin da na aro ya ce mai aikin wuta ya sa hannu ɗaya a aljihu, don kada ta bi ta ƙirjinsa. Na sa, ko da yake fulogin na can a ƙasa, nesa da soket. Matata ta leƙo ta ce, “Wannan tsayuwar ta mai gyara ce ko ta ɗan takara?”

Da na cire murfin ƙasa, wari ne ya fara fitowa, na tsohon ɗaki da kashin ɓera. Zanzaro ya yi gini a kusurwa. Ɓera ya gwaigwaye wayar da ke shigo da wuta har jan ƙarfen ya fito fili. A kan ƙafafun makunnin kuma ga wata tsaka a miƙe, ta bushe ƙamas, kai a ƙafa ɗaya, wutsiya a ɗaya. Na daɗe ina kallonta. Ba sai an yi mini bayanin yadda ta mutu ba, kuma ta fi duk zanen allon shiga kaina.

Na ɗauki hoton komai da wayata kafin in taɓa. Na ɗaure kowace waya da zaren ɗinkin matata, ja da kore da baƙi, don kada in manta mazauninta. Na share, na kankare tsatsar makunni, na sa sabuwar wayar wuta. Ranar gwaji na farko daga bakin ƙofa na tsaya, na danna soket da sandar mofa. Ba abin da ya fashe. Injin ya soma wani gunji ƙasa-ƙasa, “mmmm,” irin na ɗalibin da aka tayar da tambaya bai san amsa ba. Farantin bai motsa ba. Na matso na tura shi da fensir, sai ya kama juyawa. Na tsayar da shi na tura ta ɗaya ɓangaren, nan ma ya bi, ba gardama, kamar ɗan siyasa bayan zaɓe.

Malamin fiziks ya ce wannan alama ce sananna, kafasita ce ta mutu. Ita ce ke ba injin turin farko, ta kuma nuna masa inda zai nufa. Na same ta kusa da injin, 'yar guntuwa, ta kumbura ta tsage, wani abu kamar kakin zuma ya tsiyayo ya daskare.

To, a Dutse babu wanda bai san kafasita ba. Zafi ya koya mana. Da fanka ta rage gudu, ko tsohuwa za ta ce a canza mata kafasita. Maƙwabcina mai shagon kayan wuta bai ma bari na gama bayani ba, ya miƙo mini ta fanka ya ce, “Malam, kafasita ai kafasita ce.” Na so in yarda, don haka na yarda. Na narka dalma na liƙa ta. Na kunna da sandar mofa. Injin ya zabura, faranti ya juya da kansa, akwatin na karkarwa kamar mai masassara. Na buɗe baki zan kira matata ta zo ta ga mijinta, sai na ji ƙauri.

Ban san lokacin da na fizge fulogin ba. Na kai bayan yatsa jikin injin, zafi kamar dutsen guga. Na zauna daɓas a ƙasa. Waya ana sayen wata, makunni ana sayen wani, amma in zaren cikin injin nan ya ƙone, babu irinsa a Dutse, babu a Kano, wataƙila kamfanin da ya ƙera shi ma ya bi yayan Baba. Na zauna ina shaƙar ƙaurin, ina auna shi, na ƙonewa ne ko na gargaɗi. Na ga kaina durƙushe a zauren Yalwawa, matata na ɗaga murya tana gaya wa tsoho cewa Malam ya ƙone masa ɗan'uwa.

Na rufe ɗakin, na yi kwanaki ban shiga ba. In na zo ƙofar sai in zagaye ta. A aji ina koyar da karin magana, na zo kan bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, sai na ji kamar da ni littafin yake. Matata ta je Yalwawa ta dawo, ta zauna ba ta cire mayafi ba.

“Ya tambaya?”

“Ya ce Malam ya gama? Na ce saura kaɗan. Sai da na faɗa sau da yawa, da ƙarfi, a bakin kunnensa.” Ta dube ni. “Wancan zuwan ba haka yake ba.”

Washegari na aro mitar gwada wuta daga ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Na ɗora tsinkayenta a kan wayoyin injin ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Allurar ta motsa. Zaren bai tsinke ba. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara da shi, na goge tsohuwar kafasitar, na sa tabarau na haska ta da fitilar waya, na karanta lambar da ke jikinta. Ta fankar ta ninka ta nesa ba kusa ba. Abincin raƙumi na ɗura wa ɗan akuya. Na tura hoton lambar ga wani tsohon abokin karatuna a Kano, ya bi layin masu kayan rediyo har ya samo daidai ita, ya ba direba ya kawo mini tasha. Da na kwance takardar, abin bai fi ƙwallon dabino ba.

Ranar da na sa ta, da hantsi ne, ana zafi sosai. Matata ta raka Baba asibitin kunne. Na cire faranti, na jingine garmahon a kan gefensa, cikinsa a buɗe yana kallon ɗaki, don in ga injin da idona. Na liƙa sabuwar kafasita. Ban naɗe mahaɗan da salatef ba, na ce sai na gwada tukuna. Na sa fulogi, na kunna makunnin garmaho, na ja da baya na danna soket. Shiru. Ko gunjin nan na ɗalibi babu. Na ce shi ke nan, na kashe shi. Sai na ɗaga kai na ga fankar sama tana rage gudu. An ɗauke wuta.

Na yi dariya ni kaɗai, ta samun sauƙi. Sannan na yi abin da duk wanda ya girma a ƙasar nan yake yi ba tare da ya sani ba, na ɗauki ɗaukewar wuta tamkar kashewa. Ba wuta, to me za a kashe? Na bar komai yadda yake, na tafi wanke hannu.

Ina tsakar gida na ji sallama, da muryar da ban taɓa ji a ƙofata ba, muryar surukina. Ko ranar sunan 'ya'yana bai taka gidan nan ba. Matata ta shigo tana zare mini ido, ta ce a hanya Baba ya sa mai adaidaita ya karkato, wai zai ga garmahonsa. Ko hula ban samu na sa ba. Kafin in dawo hayyacina ta shimfiɗa masa darduma a ɗakin baƙi, ya zauna ya jingina da bango, dab da garmahon, soket ɗin na bayan kafaɗarsa. Ya ajiye sandarsa a ƙasa, tsohuwar sandar kiwo da ta yi santsi don riƙo. Na durƙusa daga can na gaishe shi. Ya amsa wa bango. Matata ta ce bari ta damo fura, alhali mu duka mun san ba zai sha ba, ta fita ta bar mu. Rabon da mu zauna mu biyu ba tafinta, ba na iya tunawa.

Ya sunkuya yana duba cikin akwatin, yadda na tabbata yakan duba bakin saniya. Ni kuma ina duba tabarma. Sai na ji iska ta taɓa mini ƙeya. Na ɗaga ido. Fanka ta soma juyawa a hankali.

A cikin garmahon, ɗan ƙarfen tsakiyar injin yana juyawa lafiya lau, ba gunji, ba karkarwa. Abin da na yi makonni ina roƙo ke nan. Shi ma ya gani. Fuskarsa ta saki, ya ɗaga hannun dama, mai zoben azurfa, ya nufi wurin da yatsa, kamar mai son shafa ɗan maraƙin da ya miƙe. Tsakanin yatsan da injin akwai mahaɗan nan tsirara, da ƙafafun makunnin da na ɓamɓare tsaka daga kansu.

Na ce, “Baba.”

Da muryar gaisuwa na faɗa, don ita kaɗai nake da ita a gabansa. Mai lafiyar kunne ma da ƙyar zai ji. Na sake cewa, “Baba, Allah ya ba ka haƙuri,” wai ni a nan ina neman hanyar da zan shigo da maganar cikin ladabi. Soket na bayansa, sai na tsallake shi kafin in kai, kuma ba lokaci. In kama hannunsa, in ta riga ta kama shi, ta haɗa da ni. Na ga ɗan ɗakinmu na kwaleji, na ga haƙoran nan a datse. Zoben ya shige cikin akwatin.

Na fizgi sandarsa na maka masa a bayan hannu.

Ƙarar ta cika ɗakin. Hannun ya yi gefe ya bugi gwiwarsa. Na miƙa sandar ta saman kafaɗarsa na zunguri fulogin har ya faɗo, injin ya tsaya. Daidai nan matata ta ɗaga labule da kwanon fura, ta ga mijinta tsaye da sanda a kan ubanta.

“Innalillahi! Malam, hauka ka yi?”

Baba ko gezau bai yi ba. Bai ja hannun ba, bai duba shi ba, ko ƙifta ido ban ga ya yi ba. Ya zauna yadda yake, bayan hannun na tasowa. Ni kuwa na saki sandar na zube, na kasa haɗa jimla, ni da nake cin abinci da jimla. Abin da ya zo mini kawai, a ina zan kwana yau, kuma wa zai gaya wa dangin Garki.

“Wuta,” na ce mata. “An kawo wuta.”

Ta kalli fanka, ta kalli cikin akwatin, ta ajiye kwanon a hankali. Ta durƙusa a kunnensa tana bayani da ƙarfi, bai nuna ya fahimta ba. Sai na rarrafa na ɗauko tasta, sukundireban nan na gwada wuta. Na roƙe ta ta ce ya ɗan matsa, ya matsa. Na mayar da fulogi, na ɗora bakin tastar a daidai inda zobensa ya nufa. 'Yar fitilar ta kama, ja wur.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dubi 'yarsa.

“Ki ce wa Malam, rabona da duka tun shaɗin samartaka.” Ya juya hannun ya duba shi a karon farko. “Ki ce masa da a filin shaɗi ne, da 'yan mata sun yi masa dariya. Hannun alli ne.”

Ta fashe da wani abu tsakanin dariya da kuka, ta manta ba ta fassara mini ba.

Na cire fulogi, na ajiye shi a kan cinyata inda nake ganin sa. Na naɗe kowace mahaɗa da salatef, ninki a kan ninki, na rufe murfin ƙasa, na ɗaure shi tam. Na kwantar da garmahon, na mayar da faranti. Shi da kansa ya kwance ƙyallen ya ɗora faifan, da kumburarren hannun. Na mayar da fulogi na kunna. Faranti ya juya daidai, ta inda ya kamata. Na sauke allura a hankali.

Da farko ƙara ce kamar ana suya. Daga ƙarƙashinta kiɗan ƙwarya ya taso, sannan sarewa, siririya, tana hawa tana sauka. Mu mun ji. Shi ya karkato kunnen dama, fuskarsa ba ta canza ba. Ya matso har kunnen ya kusa taɓa lasifikar. Wani sabon tsoro ya kama ni, wanda ya fi na wuta, cewa kwanakin da na yi ina zagaye ƙofar ɗakin nan su ne suka cinye abin da ya rage masa.

“Malam,” ya ce, bai kalli 'yarsa ba. “Ƙara masa murya.”

Na waiga bayana tukuna, in ga ko da wani yake. Sannan na ce, “To, Baba,” da ƙarfin da ban taɓa yi a gabansa ba, na murɗa har ƙarshe. Katakon ya ɗauki kiɗan. Ya ɗora hannun da na doka a kan akwatin, ya rufe ido. Faifan ya ci gaba da tafiya.

“Ga shi can,” ya ce a hankali. “Ya yi nisa, amma shi ne.”

Da allurar ta kai ƙarshe bai ɗago ba, ya ɗan juya yatsa a iska. Na mayar da ita farko. Furar tana nan a bakin ƙofa, ƙuda na neman ta, matata ta jawo faifan kaba ta rufe.